Wankan Keken Baba Nomau

Yaran yanzu in suka tsaya a bakin rumfata suka ga na murza totur ƙafar keke ta ɗauki juyi ita kaɗai, sai ka ji ɗaya ya ce, "Baba Habu, ai wannan simful ne, jar waya da ja, baƙa da baƙa, shi ke nan." Nakan ce masa Allah ya ba da sa'a, ga filaya nan. Ba wanda ya taɓa ɗauka. Tun kaina yana da baƙin gashi nake gyaran keke a nan Kura, yau ga furfura har gira, amma har gobe in aka kawo mini keke mai caji sai na yi bisimilla na saurare shi kafin in kai masa sufana. To tunda kun zauna mini a benci kun hana masu gyara wurin zama, ku buɗe kunne.

Aikina na farko a wurin maigidana Malam Sale shi ne neman huji. A ƙarƙashin wata tsohuwar ceɗiya yake, bakin kasuwa, kayan aikinsa duka a cikin akwatin katako ɗaya: sufanu, guduma, almakashi, gwangwanin gam, da famfon da ya girme ni. Zai hura tif ya miƙo mini, in tsoma shi a cikin daron ruwa ina juyawa a hankali har in ga inda ƙumfa take fita. Damina ta wuce, rani ya wuce, ni dai daro. Da na gaji na ce yaushe zan riƙe sufana, sai ya ce ranar da na daina gaggawar cire tif daga ruwa don na ga huji ɗaya, alhali ƙaya ba ta shiga ita kaɗai. Daga baya ya koya mini miƙe ƙafar da ta karkace. Ba ya duba ta da ido. Yakan bi wayoyin ƙafar yana taɓa su da farce ɗaya bayan ɗaya kamar mai gyara tsirkiyar gurmi, wadda muryarta ta faɗi ya ɗaure ta, wadda ta yi tsini ya sassauta. Kunnen da ya ba ni a ƙarƙashin ceɗiyar nan, da shi nake ci har yau.

Malam Sale yana ba da hayar keke ma, ƙananan nan da yara ke koyo da su, ni ne mai bin sawu kada a gudu da su. A nan na fara sanin Baba Nomau. Bamaguje ne daga wani gidan gona can wajen Bunkure, dogo, ƙaƙƙarfa a lokacin, in ya riƙe garma kamar ya riƙe cokali. Wata ranar kasuwa ya zo da ɗansa Ayuba, yaro ɗan siriri mai manyan idanu, ya karɓi keken haya ya kai shi bakin kanal inda hanya take a miƙe. Ina daga gefe ina kallo. Ya riƙe kariya ta baya yana gudu, yaro yana ihu, "Baba kada ka sake ni! Baba kada ka sake ni!" Shi kuwa tuni ya sake, ya tsaya yana haki yana dariya, yaron yana ta tafiya bai sani ba. Tun daga ranar yake kirana yaron Sale, kuma bai canza ba ko da na tara jikoki.

Zamani ya juya, babur ya cika gari, keke ya koma na tsofaffi da masu tallan rake. Malam Sale ya rasu, Allah ya jiƙansa, na gaji akwatinsa, na yi shekaru ina faci ina korar ƙuda. Sai man fetur ya yi tashin gwauron zabo. A tsakanin nan ne wani ɗan gwanjo daga birni ya sauke mini wani keke da ban taɓa ganin irinsa ba: taya mai kauri mai haƙora, shokozoba gaba da tsakiya, batir kwance a jikin ƙarfe, cibiyar ƙafar baya ta kumbura kamar ƙwaryar fura. Ya ce Turawa ne suka ƙera shi don hawan duwatsu, wai hutu ne a wurinsu mutum ya je ya wahalar da kansa a kan tsauni. Na ce mu nan ba mu da tsauni, amma muna da taɓo, da kunyar gona, da bakin kanal da taraktoci suka farfashe, zai sami abin hawa.

Da girmana na koma almajirin sana'a. Akwai wani mai gyaran fanka da janareta a Garun Malam, ƙanen bayana ne a shekaru, na riƙa hawa bas ina zuwa in durƙusa a gabansa. Shi ya koya mini riƙe mitar gwajin wuta, da narka dalma, da gane warin wayar da ta ƙone tun kafin a buɗe. Ya nuna mini cewa keken nan abu uku ne a jikinsa: batir shi ne cikinsa, wani ɗan akwati da ke ƙarƙashin sirdi shi ne ƙwaƙwalwarsa, injin da ke cibiyar ƙafar baya shi ne ƙarfinsa. A cikin injin kuma akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa kamar ƙwayar gero, muna ce musu idanu, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙafa ta tsaya don ta san yadda za ta tashe ta. Yau a akwatin Malam Sale, kusa da tsohuwar gudumarsa, akwai mita da ƙarfen dalma da buroshin haƙori na goge tsatsa. Suna zaune lafiya, ba su taɓa faɗa ba.

Mutane kuwa sun sha yi wa keken nan baki. 'Yan acaɓa suka sa masa suna jemage, wai tsuntsaye ba su ɗauke shi nasu ba, dabbobi ma sun ƙi shi. Tsofaffin mahaya keke, masu ƙwauri kamar taɓarya, suka ce keken ragwaye ne, namiji ba ya barin waya ta tuƙa masa feda. Samari kuma da suka saya, su suka fi ba ni haushi. Mutum zai cire feda gaba ɗaya don kada a ce keke yake hawa, ya ɗaura masa hon na mota, ya ɗora buhun taki biyu da matarsa, ya zuƙe batir har ya mutu murus, sannan ya turo mini shi yana cewa kayan banza ne. Na gaji da faɗa: kada ku bar shi a rana, kada ku yi masa caji da cajar da ba tasa ba, in ya yi taɓo ku goge da tsumma mai laima. Wanda ya fi duka, kada ku shiga kanal da shi. Domin a nan garin duk abin da yake da ƙafa, daga babur har akuya, kanal ake kai shi wanka.

Ni kaina ban san abin da nake gyarawa ba sai wata safiya da na hau wani don in gwada birki. Na bi bakin babban kanal na nufi gabas. Rana ba ta gama fitowa ba, ruwa yana tafiya a gefena yana ɗan tururi, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya. Da babur ne da ƙararsa ta cika kunne. Da keken da na saba ne da numfashina nake ji. Wannan kuwa shiru, sai wani ɗan zuu a ƙasa kamar ƙudan zuma ɗaya yana bina. Na ji ruwa yana zuba ta bututu cikin fangali. Na ji wata mata can nesa tana kiran ɗanta. Na ratsa ta tsakiyar balbelu suna kiwo a bakin hanya, ko ɗaya ba ta tashi ba, sai dai su karkata kai su dube ni. Na ji kamar ba ni nake tafiya ba, gonakin ne suke zuwa su wuce ni. Sai da na ga gidajen Bunkure sannan na tuna na bar rumfa a buɗe.

Keken da na fi tunawa a duk sana'ata na Baba Nomau ne. Tsufa ya kama shi ta gwiwa. Hannu da ido da ƙwaƙwalwa duk lafiya, amma ƙafa ta ƙi, ga gonarsa a can wutsiyar kanal, inda ruwa yake isa a ƙarshe. Ku da ba manoma ba, ku sani ruwan rani layi ne. Kowane ɓangare da ranarsa, in ranarka ta zo kana wurin ka buɗe ka shayar da fangulanka ka toshe, in ba ka nan ruwa ba ya jira, na gaba ya ja abinsa. Ayuba a lokacin ya zama babban ma'aikacin asibiti a birni, ya gina gida, ya ware wa uban ɗaki da fanka da makewayi a ciki. Ya yi lallashi har ya gaji. An gwada ɗaukar tsoho a acaɓa, ya ce shi ba buhun taki ba ne da za a kai shi gona a sauke. Daga ƙarshe Ayuba ya zo rumfata da kansa ya zaɓi keke mafi lafiya, ya kai wa uban, amma da sharaɗi a gabana.

"Baba, ga wannan. Muddin yana kai ka gona, ba zan ƙara yi maka maganar birni ba. Amma ranar da shi ma ya gaza, za ka shiga mota mu tafi, gona a ba su Ɗanladi su noma. Ka yarda?"

Ɗanladi ɗan ƙanensa ne, a gida ɗaya suke. Tsoho ya daɗe yana shafa sirdi, sannan ya ce, "Na yarda." Kowa ya san gidan Nomau, magana zarar bunu ce a wurinsu, in ta fita ba ta komawa.

Ban taɓa ganin mai riƙon keke irinsa ba. Ya ɗinka wa batir riga da tsohon buhu don rana. Ya sayi ƙaramar sola ya kafa a kan rumbu. Kullum da yamma sai ya goge kaca ya ɗiga mata mai, ya bi haƙoran taya yana cire ƙaya da tsinke. Ba ya murza totur da ƙarfi, yakan ɗan juya feda sama-sama don gwiwa ta motsa, injin ya ƙarasa sauran. In ka hango shi da safe a bakin kanal, fartanya a ɗaure a kariya, malfa a ka, riga tana kaɗawa, sai ka ce ruwan ne yake ɗauke da shi. Ya taɓa ce mini, "Yaron Sale, abin nan ya san hanya. Wani lokacin nakan manta ina kai, in riƙa ganin babana a gaba da jakinsa, sai in farga ga ni a gona." 'Yan acaɓa sun yi masa dariya wata ɗaya, suka gaji suka koma gaishe shi.

Sai mummunar shekara ta zo. Wasu marasa tsoron Allah suka shigo da batura na jabu, fenti sabo ciki ruɓaɓɓe. Ɗaya ya kama da wuta a wani shagon caji da rana tsaka, shago ya ƙone ƙurmus, Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Shi ke nan gari ya ɗauka. Masu shagon caji suka daina karɓar batir ɗin keke, matan aure suka hana a shigo da shi tsakar gida, waɗanda jiya suke roƙona in samo musu, yau suna wucewa ta gaban rumfata suna kau da kai. Kayan gyara kuma suka ɓace a kasuwa, ka je birni ka zaga ka dawo hannu rabbana. Bayan rumfata ya zama maƙabartar kekuna, an jingine su jere, kaji suna ƙwai a tsakaninsu. Na koma faci da daro kamar zamanin Malam Sale. Baba Nomau ne kaɗai bai fasa hawa nasa ba.

A gidansu akwai wata al'ada. Yanzu gidan ya kasu, wasu suna zuwa coci kamar Ayuba, wasu sun musulunta, amma tsoho yana nan a kan abin da ya tarar. A da, in ruwan farko ya sauka, sukan fito da duk kayan noma su wanke a cikinsa, wai abin da zai ci daga gona sai ya gaisa da ruwan shekara. Da kanal ya zo, kakanni suka mayar da abin kan ranar da aka sako ruwan rani bayan an rufe don gyara. Ranar sai ka ga garma, fartanya, lauje, har ƙafafun jaki, duk an tsoma. Keken ya shigo hannunsa ne a tsakiyar ranin da ya gabata, bayan an riga an yi. Wannan shi ne ruwan farinsa na farko, ni kuma ko a mafarki ban kawo a raina ba.

Aka kawo mini shi a amalanken shanu, tsoho yana zaune a gefensa ya dafa shi kamar mai rakiyar mara lafiya. Na murza totur, shiru. Na ɗaga ƙafar baya na juya, na ji wani ƙurus-ƙurus, sai ga jan ruwa yana ɗiga daga cibiya.

"Baba, me ya sami keken nan?"

"Ya gaisa da ruwa."

"Wane irin gaisuwa? Ban ce maka ba ya son wanka ba?"

"Ka ce batir ne mugun abokin gaban ruwa. Na cire shi, na ajiye a kan tudu, har na rufa masa malfata. Sauran ai ƙarfe ne, garma ma ƙarfe ce."

"Kwantar da shi ka yi a ciki?"

"To da tsaye ake gaida manya?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi ta faɗa har masu shayi suka leƙo. Ashe ma kwanaki ya yi yana shanya shi a rana yana gwadawa kafin ya kawo, ruwa ya sami lokacin yin ɓarnarsa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce a hankali, "Yaron Sale, na zuba alkama, ta tsiro. In labari ya kai birni, mota za ta zo." Nan take faɗan ya fita daga bakina, tausayi ya kama ni.

Na kwance ƙafar na buɗe cibiya. Ruwan kanal da laka sun kwana a ciki, maganaɗisun da ke zagaye sun yi jajir da tsatsa, boris ya cije, giris ya koma kunu. Ƙwaƙwalwar kuwa da na buɗe akwatinta, warin ƙuna ne ya tare ni. Na wanke komai da fetur da buroshi, na bi maganaɗisu ɗaya bayan ɗaya da takarda mai yashi, na sa sabon boris daga na babur da ya yi daidai. Saura laimar da ta shige can cikin naɗin waya, wadda tsumma ba ya kaiwa, wuta kuma in ka kusanta ta narkar da rufin wayar. A bayan rumfata akwai Inna Kande mai turara shinkafa, ta shimfiɗa tamfal tana shanya. Na roƙe ta ta bar ni in binne injin a cikin busasshiyar shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, da rana ta gasa. Ta ce ita dai ta ga ana binne ƙwai a toka, amma ba ta taɓa ganin an binne ƙarfe a shinkafa ba. Duk da haka kullum in tana juya shanyarta sai ta tono shi ta mayar da shi inda ya fi zafi, da yamma ta naɗe shi a zane ta kawo mini da ɗuminsa.

Da ya bushe na ɗora mita. Naɗin waya lafiya lau, na yi hamdala. Idanu kuwa sun mutu duka. Na tafi birni, babu. Na je wurin malamina a Garun Malam, ya juye gwangwanayensa, babu. Na dawo na bi matattun kekunan bayan rumfa ina buɗewa, wanda idonsa bai ƙone ba, bai yi daidai da wannan injin ba. Ana haka ranar ruwan su Baba Nomau ta zo, Ɗanladi ya shayar masa. Tsoho ya aiko mini da cewa alkama ta sha ruwa amma ba ta ga mai ita ba. Kuma bakin mutane ba ya rufuwa, wani ya buga wa Ayuba waya. Ya aiko cewa yana nan tafe ranar ruwa ta gaba, a haɗa wa Baba kayansa.

A jikin wani ragargajajjen keke da kaza ta yi sheƙa a ƙarƙashinsa na sami mafita. Ƙwaƙwalwarsa irin wadda take iya aiki ko babu idanu ce, da lalube. Na ɗaura ta, na haɗa wayoyi, na murza. Ƙafa ta yi kakkarwa, ta yi gurnani, ta ƙi tashi. Na juya ta da hannu na sake murzawa, sai ga zuu ɗin nan ya dawo, santsi kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Na gane halinta: makauniya ce, ba ta san inda ƙafa ta tsaya ba, amma in ƙafa tana juyawa takan ji ta kama. Ga mai lafiyar gwiwa wannan ba komai ba ne, taka feda biyu ya wadatar. Ga Baba Nomau kuwa, tashin farkon nan shi ne abin da gwiwarsa ba za ta iya ba. Sai an tura shi.

Da sassafe ranar ruwa na hau keken na kai masa. Sanyi yana cizon kunne, raɓa ta jiƙa ciyawa, ruwa ya cika ƙaramin kanal ɗin da ya bi ta ƙofar gidansu yana sheƙi. Tun daga nesa na hango farar mota a gindin tsamiya. Ayuba yana tsaye da shadda da takalmi mai ƙyalli. Tsoho yana zaune a kan turmi, ga ƙullin kayansa a gefe an ɗaure, amma fartanya tana kan cinyarsa. Muka gaisa. Ban iya ƙarya a kan aiki ba, na faɗa musu yadda abin yake, yana tafiya, amma ba ya tashi da kansa.

Ayuba ya girgiza kai. "Malam Habu, sannu da ƙoƙari. Amma keken da sai an tura ai ya gaza. Baba, in ya tsaya maka a tsakiyar gonaki fa? In ka faɗi ba kowa? Ni fa ba gonar nake ƙi ba, tsoro nake ji." Ba mugun ɗa ba ne, duk wanda yake wurin ya san haka.

Tsoho bai yi musu ba. Ya ce, "Gaskiyarka. Na ba ka magana, ga kayana nan a ɗaure. Amma yau ruwana ne, kuma rana tana yi. Bari in je in buɗe wa alkamata ko sau ɗaya, ta gan ni."

Ya dogara sanda ya miƙe, ya ɗaura fartanya a kariya, muka taimaka masa ya hau. Na zagaya baya zan tura, sai ya ɗaga hannu.

"Bari, yaron Sale. Ga mai turawa nan."

Ayuba ya dubi takalminsa, ya dubi laka, ya naɗe hannun riga ya kama kariya. Ya fara turawa a hankali, sannan da sauri. Na ji injin ya kama, zuu, na san aiki ya yi. Amma Ayuba bai sake ba. Keke yana ƙara gudu yana binsa, babban mutum da tumbinsa, shadda tana jan laka, hula ta faɗi, ya ƙanƙame kariya da hannu biyu yana gudu a bakin kanal. Matan gida suka fito ƙofa. Ni kuwa ceɗiyar Malam Sale kawai nake gani, da wani yaro mai manyan idanu.

Tsoho bai waiwayo ba. Muryarsa ce kawai ta biyo ruwa ta iso mu.

"Sake ni, Ayuba. Sake ni mana."

Ya sake. Ya tsaya yana haki, hannuwansa a buɗe a gabansa. Keken ya miƙe ɗoɗar a tsakanin ruwa da alkama, malfa tana ƙanƙancewa, balbelu suna matsa masa ba tare da sun tashi ba, har ya shige inda hasken safiya ya haɗe da kanal ba mu ƙara rarrabe shi ba. Ayuba ya daɗe a wurin. Da ya dawo idonsa ja, ya tsinci hularsa ya kaɗe, ya tambaye ni in tsoho zai juyo gida wa zai tura shi. Na ce ranar ruwa bakin kanal ba ya rabuwa da mutane, kuma ba wanda zai ga Nomau a tsaye ya wuce. Ya gyaɗa kai. Ya sunkuya ya ɗauki ƙullin kayan uban, ya wuce motar, ya shiga da shi cikin gida.